Sikelin Kawu a Ose Okwodu

Shekarar da na gama karatun kwamfuta a Inugu, kawuna, yayan mahaifiyata, ya sayi sikeli mai aiki da lantarki. Shi dillalin albasa ne a kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha. Sikelin faifan ƙarfe ne da ake ɗora buhu a kai, sai wani ɗan akwati mai nuna jar lamba. Lambar ƙarama ce, sai mutum ya sunkuya yake iya karanta ta. Kawu yana son nauyin kowane buhu ya fito ɓaro-ɓaro a allon kwamfutar shago, domin direbobin da ke kai kaya Fatakwal kullum ƙorafi suke wai an danne musu mota da lodi.

Ya kira ni a waya. "Ke 'yar nan, an ce abin yana da wata wutsiya da ake jona wa kwamfuta. Ba shi kika karanta ba?"

Na ce, "Shi ne, Kawu."

Gaskiyar magana, ban taɓa yin irin aikin ba. Wutsiyar da yake nufi wayar siriyal ce, mai baki da allura tara, wadda ake ɗaure ta a bayan kwamfuta da 'yan kusoshi biyu. Ta cikinta sikeli ke turo lamba harafi bayan harafi, ba ya tsayawa, ko da kaya a kansa ko babu. Na zauna a gida kwana biyar na rubuta manhaja, na gwada ta da lambobin da na ƙirƙira, ta yi lafiya. Ranar Talata na hau mota zuwa Anacha, daga tasha na hau okada har bakin kasuwa.

Shagon dogo ne, cike da warin albasa da ruwa ya taɓa. Shugaban 'yan dakon Kawu, wani dattijo siriri mutumin ƙauyen Sakkwato da kowa ke ce wa Baba, ya sa aka ɗora buhu na farko. Lamba ta fito, sannan allon ya yi fari ya sandare. Na danna nan, na danna can, shiru. Wani direba Ibo da ke jiran lodi ya leƙo ya ce, "Madam, e don hang," wato kwamfutar ta maƙale. Na ce na gani.

Laifina ne, kuma ban daɗe ba na gane shi. Manhaja tana gudanar da ayyukanta ne a kan abin da muke kira zare, wato layin aiki guda da ke yin abu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa zare ɗaya na ɗora wa komai. Shi ne mai zana allo da amsa dannawa, shi kuma na tsayar yana jiran sikeli. Tunda sikelin ba ya shiru, zaren bai sami sarari ya koma kan allo ba.

Washegari na dawo da gyara. Na sa kwamfuta ta riƙa sanar da manhajar duk lokacin da saƙo ya iso, maimakon tsayuwar jira. Buhu na farko, manhajar ta rufe kanta. Abin da ban sani ba shi ne sanarwar a kan wani zare daban take zuwa, kuma ba a yarda wannan zaren ya taɓa allo ba. Dole ya miƙa lambar ga mai allon, shi ya rubuta. Na gyara wannan a zaune kan wani buhun barkono, ina atishawa. Kawu ya aika aka sayo mini ruwa. Ya koma hira da wani baƙonsa daga Aliero.

Bayan azahar abu ya fara tafiya. An auna buhu kusan ashirin, ina ganin na gama. Sai Baba ya sauke wani buhu daga kafaɗarsa, ya dubi allon, ya dube ni.

"Hajiya, nawa ya ce?"

"Kilo goma sha ɗaya."

"A'a. Ni na ɗauko shi daga mota. Wannan ya haura ɗari."

Muna cikin magana lambar ta koma ɗari da goma sha biyu. Na ce ai ga shi ya daidaita. Baba ya ce ɗazu ma ya ga ta yi haka sau biyu, bai yi magana ba don a zatonsa idonsa ne. Na duba jerin da manhajar ta adana, na tarar da buhuna uku masu nauyin da ko akuya ta fi su.

Na koma masaukina a gidan Kawu na buɗe ainihin abin da sikelin ke turowa. A nan na ga cewa sanarwar ba ta jiran lamba ta cika. Wani lokaci takan zo da lambar gaba ɗaya, wani lokaci da haruffa biyun farko kawai, sauran su biyo baya. Ni kuma duk abin da ya iso ɗauka nake a matsayin cikakken nauyi. Sai na ware wuri ana tara haruffan har alamar ƙarshen layi ta zo, sannan a miƙa wa allo. Na kuma hana a adana nauyi sai ya tsaya cak na ɗan lokaci. Gyaran bai kai layi goma sha biyar ba.

Ranar Alhamis aka yi lodin mota guda cur. Baba ya tsaya kusa da allon, kafin a ɗora kowane buhu sai ya faɗi nasa ƙiyasin a hankali. Bai taɓa yin nisa da lambar ba. Da aka gama ya goge wuyansa da rawani ya ce wa Kawu, "Alhaji, yanzu kam ana iya aiki da shi." Direban ya karanta jimillar nauyin da kansa, ya ce a sauke masa buhu huɗu, aka sauke ba gardama.

Matsala ɗaya ta rage wadda ban gano ba sai bayan mako biyu. In za a rufe manhajar, wani lokaci takan maƙale, domin kowane zare yana jiran ɗan'uwansa ya gama. Mutanen shago ba su gaya mini ba, zare filogi kawai suke yi su kulle ƙofa. Na gyara ta daga Inugu na aika da filashi ta hannun wani direba.

Manhajar ta yi aiki shekara huɗu. Daga baya aka kawo sikeli mai babban allo nasa na kansa, aka ba wata ƙanwata kwamfutar tana koyon bugun rubutu. Ni lokacin na sami aiki a Fatakwal, ina zaune wajen Rumuokoro. A waya Kawu ya gaya mini, tsakanin gaisuwa da labarin ruwan da ya shiga kasuwa a wannan damina.