Rahinatou Mai Sa wa Haruffa Hula

Ranar Talata, 14 ga Mayu 1991, Malam Jibril akawu ya fara ganin Rahinatou Fuseini. Tafiretar ofishinsu ta lalace, aka tura shi rumfarta a zangon Sokodé, inda take buga wa mutane wasiƙu.

Tata tafiretar daga Gana mahaifinta ya kawo ta. Ta Ingilishi ce, ba ta da alamomin da Faransanci, harshen da ake rubutu da shi a garin, ke ɗora wa haruffa a ka. Don haka in ta gama bugu sai ta ɗauki alƙalami mai shuɗin tawada, ta bi layi-layi tana sa wa kowane harafi hularsa. Duk garin an san hannunta.

A ƙarshen 1992 wasu malaman makaranta suka kawo mata takardar kiran yajin aiki. Suka ce, "Yaya, wannan karon ki bar hulunan, kada a gane ki."

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya aikina bai taɓa fita kai babu hula ba. Sai yau da zan faɗi gaskiya?"

Ta buga takardar, ta sa hulunan duka.

Kwana biyu da liƙa takardar a kasuwa, Malam Jibril ya zo yana haki. "Yaya Rahinatou, ana nemanki. Ki tafi Tchamba wurin danginki."

"Malam, ka ga na yi sata ne?"

Da hantsi masu kaki uku suka iso. Babbansu ya shimfiɗa takardar a teburinta.

"Madam, hannun wa ke nan?"

"Nawa ne. Kai ma na buga maka takardar neman hutu bara, ba ka ce hulunan sun yi yawa ba."

"Wa ya kawo miki? Faɗi suna, mu bar miki injinki."

Ta dubi tafiretar, abin da ya rage mata na mahaifinta ke nan. Ta rufe ta da ƙyalle, ta tura masa.

"Ku ɗauka a hankali, harafin farko yana maƙalewa."

Ta kwana tara a tsare, ba ta ambaci kowa ba. Tafiretar ba ta dawo ba. A watan Maris 1993 ta koma Dapaong wurin ƙanwarta, ta kafa tebur kusa da tasha tana rubuta wasiƙu da hannu. A can ta rasu a 2009.