Ranar da Na Ga Ƙarti Suna Dukan Bango

Shekarunmu na farko a Riyad, maigidana, ma'aikacin ofishin jakadanci, ya kamu da son wani wasa wai shi raketbol. Duk sanda aka yi gasar ƙwararru a wani kulob da ke arewacin gari, sai ya sauke ni da yara gidan ƙawata a unguwar Suwaidi ya wuce, don ba a barin mata shiga. Ya dawo yana ba ni labari kamar wanda ya halarci yaƙi. A cewarsa 'yan kallon manyan mutane ne, Turawan kamfanoni da likitoci Misirawa, masu tafi a tsanake. Daga baya direbanmu, mutumin Damagaram, ya tsegunta mini cewa rabin manyan mutanen nan direbobi ne da suka shiga shan sanyin na'ura.

Da aka buɗe wa mata ƙofa, na sa abayata mai duwatsu na bi shi. Ashe abin da aka yi shekaru ana tsare mu daga gani, ƙarti biyu ne cikin akwatin gilashi suna jibgar bango da ƙwallo, bangon kuwa bai yi musu komai ba. Na tambaye shi ko da saura.

Ya ce, "Maman yara, sai kin san dokokin."

Na ce to.

Lokacin zauren cike yake maƙil da samari da 'yan mata, kowa ya ba gilashin baya yana ɗaukar kansa hoto da kofin gahawa. 'Yarmu ta tambayi wata da Larabci wa ke kan gaba, ta ce bari ta duba waya. Maigida ya yi ta tsaki, wai an ɓata wasa.

Ba a daɗe ba samarin da 'yan matan suka kwashe zuwa sabon yayi, wani wasan wai shi fadel. A gasar raketbol ta bara mu ne 'yan kallon: ni da shi, da mahaifiyar wani ɗan wasa, sai mai goge gilashi. Zakaran ya fito ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har da godiya. A mota maigida ya ce yanzu ne aka sami natsuwar kallo. Amma ko shawarmar da muka tsaya saye bai taɓa ba.

Bana ban jira ya tambaya ba, na riga shi shiryawa. Har yau ban san dokokin ba, amma in ya tafa ina taya shi, da ƙarfi kuwa, don zauren yana amsa kuwwa.