Kaset Uku na Inna

Shekarunsa sittin da huɗu. Ya yi ritaya daga gidan rediyo bayan ya shekara talatin yana yankan tef da reza, har abokan aiki suka laƙaba masa Almakashi. Yanzu yana da tebur a lungun wani shagon gyaran waya, da tsohuwar kwamfuta, da abin saurare na kunne da aka ɗaure da salatif. Ana kawo masa karatu ko lacca mai awa biyu, ya datsa ta minti goma-goma, yadda direba ko tela zai ji guda ya ajiye sauran sai gobe.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. "Na'ura agogo take bi, ta yanke mutum a tsakiyar kalma," in ji shi. "Ni sai mutum ya ja numfashi nake sa wuƙa."

Aikin da ya ba shi kunya na gidansu ne. Shekara ashirin da suka wuce ya zaunar da mahaifiyarsa, Inna, ya ɗauki muryarta a kaset uku tana ba da tarihin zuri'a. Bayan shekara biyu ta rasu, shi kuma bai taɓa iya saurara ba. Bara ya juye su a kwamfuta ya tura wa 'ya'yansa biyar a dunƙule, awa huɗu da minti goma. Babu wanda ya buɗe. Jikokinsa ba su san muryarta ba, kuma in iyayensu ba su ji ba, tarihin ya tsaya ke nan.

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ta gaya masa gaskiya.

"Baba, hanyata zuwa asibiti minti goma sha biyu ce. Kana yanka wa duniya gunduwa-gunduwa, mu ka turo mana sa da ƙahonsa."

Ya zauna yanka. "Ina jiran muryar Inna," in ji shi, "sai na ji wani ƙato yana ta zuba. Na ce wane ne wannan marar ta-ido? Ashe ni ne."

A kaset ɗin, Inna za ta fara, "Kakanka ya iso da jaki ɗaya," sai ya ce ta matso kusa da makirufo. Ta matso, sai ya ce ai ba haka ta faɗa rannan ba. Ta gyara, sai ya ɗauko mata bayanin yadda ake hira a rediyo. Ya auna da kansa: awa biyu da minti hamsin muryarsa ce.

"Duk inda ta ja numfashi, wurin da zan sa wuƙa, sai in tarar na riga kaina shiga. Shekara talatin ina rage surutun manya, ashe babban mai laifin yana cikin rigata."

Ya tsince muryarsa tsaf daga ciki, ta Inna ta rage kashi takwas na minti goma-goma. Ya tura na farko. Washegari 'yar ta kira.

"Mun ji, har yara. Amma Baba, Inna ta rikice ne kafin ta rasu?"

"Wa ya ce?"

"Tana cikin labari sai ta ce, 'Rufe min baki, uban surutu,' alhali babu wanda ya yi magana. Sau uku. Autata cewa ta yi ko da bango take faɗa."

Ya dubi kaset ukun da ke kan tebur.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Bangon ne ya tsufa, ya buɗe tebur a shagon waya."

Ya kwana biyu yana juya abin. In ya bar kansa a waje, jikoki za su ɗauka Inna ta zauce. In ya koma, za su san irin kakan da Allah ya ba su.

Ranar Talatar da ta wuce ya mayar da muryarsa wuri goma sha bakwai, ko'ina daidai kafin faɗan da muryar ta jawo masa. Kashi takwas suka zama tara. Ya sake tura na farko, ya haɗa da na biyu, bai ƙara ko kalma ɗaya ta bayani ba.