'Yan jere sun riske ni da buroshi a hannu

Jama'a, ashe jibi ne ɗaurin aurena! Wallahi yau na sani!

Kun san wata goma iyayen Hadiza suka sa mana. Ranar da aka sa, na buɗe kwamfutar ofis, na zuba kwanan wata a teburin lissafi, na ce fomula ta ƙara min wata goma. Ta ba ni rana, na riƙe ta gam.

Ɗazu da hantsi ina fentin ɗakin amarya a nan Rogo, ko ƙofa ba a kafa ba, sai ga motar kaya daga Kurugu. Gado, katifa, kujeru, ga mata suna ta guɗa!

Gwaggon Hadiza ta sauko. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, lafiya? Ai da sauran kwana goma sha ɗaya."

Ta ce, "Inji wa?"

Na ce, "Kwamfuta."

Ta ce, "Ɗan nan, mu da watan Musulunci muka sa rana. Ita kwamfutar taka ta taɓa fita duban wata?"

Mata suka kwashe da dariya. Ashe watannin Bature fomular ta ƙirga min!

Na kira Hadiza a gigice. Ta ce, "Au, da kake ta cewa da saura, ba tsokanata kake ba?"

Don Allah duk mai buroshi ya taho yanzu. Gwaggo ta kafa kujera a tsakar gida, ta ce a nan za ta zauna har bango ya bushe!