Jirgin Da Na Sa Muka Jira A Seremban

A shekarar da annoba ta hana mutane zuwa Hajji wannan abu ya faru, damina ɗaya bayan rasuwar maigidana. Ni ban yi boko ba, surukata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta rage min komai. Bazazzagiya ce ni, a kwatas ɗin reluwe na yi zaman aure. Maigidana shi ke juya wa jirgi layi a inda dogo ya rabu ya nufi Ƙaura Namoda. Ina daka a tsakar gida zan ji kukan jirgi in faɗa maka na ina ne, ba na kuskure. Da wannan sanin nake taƙama, kuma da shi na tafi Kuala Lumpur wankan jegon matar ɗana, wanda gwamnati ta tura karatu. Ban gama hutawa ba aka rufe ƙasa.

A benen da muke a unguwar Pantai Dalam akwai wata tsohuwa Bakanuwa, ita ma jegon 'yarta ya kawo ta, kulle ya rutsa da ita. Daga baranda muka fara gaisawa. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai matar reluwe. Takan ce Zazzagawa ko tuwo za su tuƙa sai sun yi masa bayani, ni kuwa in ce Bakano ko a makabarta ya ga jama'a sai ya baza haja. Buri ɗaya ne da ita. Marigayi mijinta ɗan kasuwar goro ne, ya sha ba ta labarin tekun Ikko, ita kuma ta rantse ba za ta koma gida ba sai ta tsoma ƙafarta a teku. Wai wanda ta hango ta tagar jirgin sama ba ya cikin lissafi.

Da aka sassauta kulle, ɗana ya ce ran Asabar zai ɗauke mu a mota zuwa Port Dickson, garin shaƙatawa na bakin teku. Cikin hira ya ce tun zamanin Turawa an ja reshen dogo daga garin Seremban zuwa can, kamar namu na Ƙaura, amma an daina bin sa. Na ji shi sarai. Sai dai ni na san yadda ake yi. A gida sau nawa aka ce jirgin Ƙaura ya daina zuwa, muka shimfiɗa tabarma, daga baya ya zo? Na ce masa ya riƙe motarsa, ni zan kai Bakanuwa teku a tarago ta san abin da ake kira tafiya. Ya sake min bayani, na tambaye shi ko shi ya haife ni. Ya ƙyale ni.

Muka tafi, ni da Bakanuwa da 'yarta goye da jaririnta, don ita ke jin yaren mutanen ƙasar. Jirgin da ya kai mu Seremban ba hayaƙi ba ƙara, ga sanyi, na yi ta kushe shi ina cewa wannan firiji ne. Da muka sauka yarinyar ta tambayi ma'aikacin tasha, ya ce babu jirgin Port Dickson, ya nuna mana inda ake hawa bas, ya ce tafiyar ba nisa. Na yi dariya. Na ce mata haka suke yi ko'ina, sun haɗa baki da 'yan kamasho, ta bar ni da su. Na sami benci na zauna, na buɗe dambun da na yo mana guzuri. Ma'aikacin ya dawo ya sake faɗa, har da haɗa hannuwa. Yarinyar ta durƙusa tana ce min Mama, ta roƙe ni mu hau mota tun da sauran rana. Na ce ita da uwarta su tafi in sun gaji. Uwar ta ce ai ba ta isa ta tafi ta bar matar reluwe ba, in ma jirgin daga Zariya zai taso za ta jira shi. Dariya take yi, amma na ga tana ɗaga takunkumi tana share gumi.

Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar. Jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Da na gaji na taka zuwa ƙarshen dandamali in duba da idona, na hango inda reshen ya karkata. Ƙarfen ya yi ja da tsatsa, ciyawa ta tsiro a tsakiyarsa. Wanda ya zauna da mai juya layi ya san dogon da ake bi yana sheƙi. Nan take na gane. Amma da na dawo sai na ce musu da alama yau ba ranarsa ba ce. Ƙawata ta dafa ni ta ce ba komai, teku ba guduwa zai yi ba, sati mai zuwa ma hau motar ɗan Bazazzagiya.

Kafin satin ya zagayo cuta ta sake tashi, aka hana fita daga birni. Muka koma gaisuwar baranda. Cikin wannan kullen zazzaɓi ya kama ta, aka kai ta asibiti, ba a bari kowa ya shiga ba. Ma'aikata ne suka binne ta, 'yarta na hange daga nesa. Daga baya ɗana ya ce zai kai ni tekun, na ce ba ni zuwa.

Ina jan kunnen tsofaffi irina. Abin da muka sani gaskiya ne, amma na lokacinsa ne da garinsa. In yaro ya ce miki hanya ta mutu, je ki duba tun da safe, kada ki bari sai la'asar. Ranar da za ki ɓata da taurin kai wataƙila ta wani ce, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Cikin waɗanda suka san wannan magana, ɗana na nan, surukata na nan, jaririn ya shiga makaranta. 'Yar marigayiya ta dawo Kano. Duk Sallah takan kira ni ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, kuma har yau ba ta taɓa ambatar Seremban ba.