Duron Sale Bai Huce Ba

Da safen nan labari ya same ni ina shan shayi a ƙofar gida a unguwar Hindawiyya, nan Jidda. Sale Mai Banda ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai ya idar da sallar asuba a Abhur, can inda yake aiki, ya dafe ƙirji ya zauna. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. An yi masa sallah bayan azahar, mun kai shi.

Ni ban iya dogon rubutu ba, ku karɓa yadda ya zo. Amma a cikin waɗanda muka hau jirgin ruwa tare daga Bur Sudan muna samari, ni kaɗai na rage. In ban faɗa ba, ban ga mai faɗa ba.

Sale mai gadin wata istiraha ne, wato gidan shaƙatawa, a bakin teku. Kafilinsa, wato ubangidansa, ya bar masa lungu a bayan katanga, nan ya kafa duronsa na banda. Duk Bahaushen da ya daɗe a garin nan ya ci naman duron nan, ko ya san mai shi ko bai sani ba.

In ya ji baƙo ya zo umra ya zauna, kewar gida ta hana shi cin abinci, sai ya ƙunsa masa a takarda ya aika. Ba ya tambayar ɗan wane gari ne.

Ni kuwa tun da haƙorana suka zube, nawa kason daka shi yake a turmi, ya sa ɗan yaji. Bai taɓa ce mini don haƙora ba ne. Cewa yake ya fi daɗi haka.

Masu cewa Jidda ba sanyi ba su zauna Abhur a wannan watan ba. Iskar arewa in ta taso ta kan ruwa, sai ta shiga rigar mutum ta fita. Duron ƙarfe kuwa ba ya riƙe zafi a gabanta. Ka hura gawayi, iska ta kwashe, nama ya tsaya ba ɗanye ba, ba gasasshe ba.

Sale ya sha asara kafin ya gano kanta. Ya sa ƙaramin duro a cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi. Ya naɗe jikin da buhunan algarara, ya ɗora tsohon bargon ulu, ya ɗaure da waya. Na roba bai yarda da shi ba, ya ce narkewa yake. Ya jingina wata tsohuwar ƙofa ta ɓangaren da iska ke bugowa, ya juya bakin wutar ya kalli katanga. A sama ya bar ƙaramar kafa ta hayaƙi, hanci yake ce mata.

Bargon nan nawa ne. Aro ya yi. Tun Zainab 'yarsa tana rarrafe.

Ni kuma tun ranar nake ce masa da laka za a shafe duron kamar yadda iyayenmu ke yi, ya daina yi wa ƙarfe sutura. Har jiya ban janye ba, yau ma ban janye ba.

Jiya da la'asar na je wurinsa. Zainab ta haihu, jikansa na fari, ya sayo cinyar bijimi. Ya ce mai jego ba za ta ci naman firiza ba yana da rai. Na tarar ya gama jerawa, yana ɗaure bargon, iska na fizge masa hula.

Na ce, “Tsoho da kai, ka tufatar da duro ka bar kanka a riga ɗaya.”

Ya ce, “Kurman Hindawiyya, ka zo taimako ko ka zo da maganar laka?”

Kurma yake kirana, wai ba na jin maganar kowa.

Na riƙe masa bakin wayar yana murɗawa. Ya ce, “Iskar nan zafi take sata. Ka rufe masa jiki, ka bar masa hanci. Ko mutum ka toshe wa hanci ai ka gama da shi.”

Na ce in ya gama wa'azi ya ba ni bargona.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Bayan suna.”

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, ana zaune ana karɓar gaisuwa a gidan iyalinsa a Madain Fahd, sai matata ta leƙo daga wajen mata. Ta ce Zainab tun safe ko ruwa ba ta sa a baki ba, ga jariri yana neman nono. An yi lallashi, an kawo romon shurba, ta kawar da kai. Abu ɗaya ta ce: in naman da Baba ya ɗora mata ne, za ta ci.

Sai a lokacin duron ya faɗo mini a rai. Banda ba ta gamuwa a yini ɗaya. In wuta ta mutu a tsakiya, nama ya kwana a rufe cikin gumi, halas, sai zubarwa.

Na kira Halid, babban ɗansa, na ce ya kai ni Abhur.

Ya ce, “Ya ammi, khalli, bar shi kawai baffa. Mutane na zuwa ta'aziyya. In nama ne sai mu sayo mata mandi, shinkafa da nama.”

Na ce, “Ubanka ya ɗora, ni zan sauke. In ba ka kai ni ba zan tari mota.”

Ya dube ni, ya ɗauki makulli.

Da muka shiga lungun, sai na tarar an lulluɓe duron da tamfol tun daga sama har ƙasa, an danne da bulo. Halid ne ya yi haka da safe, kafin ya bi gawa. Ya ga iska, ya ji tsoron kada ta kashe wutar mahaifinsa. Da alheri ya yi. A nan Jidda aka haife shi, a ofis yake aiki, ba wanda ya taɓa nuna masa.

Na yaye tamfol. Ba hayaƙi.

Na cusa hannu ƙarƙashin bargon.

Da ɗumi. Mutumin yana kabari, ɗaurin da ya yi jiya yana riƙe da zafinsa.

A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na durƙusa na tona toka, na sami garwashi ɗan ƙarami da sauran ja a cikinsa. Ni ba numfashin kirki gare ni ba. Halid ya cire agogonsa, ya kwanta a ƙasa da farar riga, ya ce, “Ta ina zan hura, ammi?”

Yanzu da nake wannan rubutu hancin ya soma fitar da hayaƙi, siriri. Naman na sansana, ban ji canji ba. Amma hankalina bai kwanta ba. Sale da babban yatsa yake danna tsoka ya san ta yi, kuma yatsan ya tafi da shi. Iska ma ba ta sassauta ba. Ba inda zan je sai na sauke, na kai wa yarinyar nan da hannuna.

Ya Allah, bawanka Sale ya zo gare ka. Ka yafe masa, ka yalwata makwancinsa, ka lulluɓe shi da rahamarka fiye da yadda ya lulluɓe na wasu. Ka ba Zainab da ɗanta lafiya, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙunshin takardar nan, ko bai san daga ina ta fito ba, ya yi masa addu'a yau. Ku haɗa da wutar nan, Allah ya raya ta har nama ya yi.

Bargon kuma na bar masa.