Shekara Goma Sha Biyar Ban Kira Sunanta Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, kunya tana hana ni, kuma ita kunyar ce tushen duk abin da zan faɗa. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da uku, ina zaman aure a wani ƙauye a yankin Shanono, inda gona ke manne da bayan katangar gida. Mijina manomi ne, ni kuma ina matsar man gyaɗa ina toya ƙuli-ƙuli. 'Ya'yana biyar. In ana lissafa matan unguwarmu masu alkunya da ni ake farawa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan yabon har cikin raina.

'Yar farina mace ce. Kamar yadda na ga uwata ta yi wa yayanmu, haka na yi mata: ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ban taɓa zama mun yi hira ba. In ina son ta, sai in ce "ke", ko in aiki ƙanwarta ta kira ta. Mahaifinta ma haka yake yi, ƙannenta kuwa Yaya suke ce mata. Wannan bai dame ni ba, domin tun ranar da aka yaye ta surukata ta ɗauke ta zuwa ɗakinta a cikin gidanmu. Can ta girma. Kakarta ce ke kiran sunanta sau ashirin a wuni, ita ke tsokanarta, ita ke jin ƙorafinta na makaranta, ita ke ɓoye mata ɗumame. Ni nawa in dafa in aika, in ɗinka in aika. A ganina na gama aikin uwa.

Tana aji uku na ƙaramar sakandare Allah ya yi wa kakar rasuwa, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya koma gona, ita kuma ta dawo ɗakina cikin ƙannenta. Daga nan yarinya ta fara sauyawa a hankali. Ta daina zuwa wurin ƙawayenta, ta daina kitso, tuwonta sai a kwashe shi yadda aka zuba. In an neme ta an rasa, tana cikin ɗakin marigayiya a zaune a kan tabarma, ba kuka take ba, ba barci ba. Kullum ciwon kai. Malamarsu ta aiko cewa ta daina magana a aji, ita da take sahun gaba. Ni da gajen haƙuri sai na ɗauke shi lalaci, na riƙa yi mata faɗa ta bakin ƙanwarta, a gaya wa waccan in ba za ta yi aiki ba ta matsa mini daga hanya. Da abin ya ƙi ƙarewa na sayo maganin ciwon kai a kemis, na karɓo rubutu a wurin malam. Shi kansa malamin ya ce a sha rubutu a yi addu'a, amma a zauna da yarinyar a ji abin da ke ranta. Na ce to, na taho, ban zauna ba.

A daidai wannan lokacin ne ma'aikaciyar lafiya ta asibitin ƙauyenmu ta kawo wani tsari, da yardar mai unguwa da liman. Kowace unguwa za ta zaɓi mace ɗaya da 'yan mata suka saki jiki da ita, su riƙa haɗuwa a gidanta ranar Alhamis da yamma, tunda babu Islamiyya. Za a baza gyaɗa ana ɓara ana hira, duk wadda ke da damuwa ta faɗa, in abin ya fi ƙarfin hira a kai ta asibiti da wuri. Samari ma an yi musu irin nasu a wurin wani malamin makaranta. A unguwarmu maƙwabciyata aka zaɓa, wata bazawara mai kitso, domin babu kan yarinyar da bai taɓa kwanciya a cinyarta ba. Ta shigo har tsakar gidana ta roƙe ni in bar 'yata ta riƙa zuwa. Ta ce wata biyu ke nan yarinyar ba ta zo kitso ba, kuma ita ta san budurwar da ta bar kanta haka ba lafiya ba.

Dariya na yi mata. Na ce ciwon damuwa na mutanen birni ne da suka ƙoshi suka rasa aikin yi, mu nan wanda ya yi surfe ya yi ɗiban ruwa ina ya ga lokacin damuwa. Na ce kuma ba zan tura 'yata ta je ta zazzage sirrin gidana a kan tabarmar gyaɗa ba, gobe a ji shi a bakin rijiya. Baiwar Allah ba ta yi fushi ba, ta ce ƙofarta a buɗe take, ta tafi.

Bayan kamar mako uku, wata Talata da la'asar, ina tsakiyar tuyar ƙuli-ƙuli na sa aka gaya mata ta ɗebo ruwa. Ta ɗauki guga ta fita. Na kwashe kasko ɗaya, na kwashe na biyu, ba ta dawo ba, ina ta mita a raina. Can sai ga mai kitso ta shigo riƙe da hannunta gam, gugan a bushe. Ta shigar da ita ɗaki, ta sa ƙanwarta ta zauna kusa da ita, sannan ta fito ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ta tarar da ita zaune a bakin rijiya, ƙafafunta a ciki, babu kowa a wurin. Ta lallaɓa ta riƙe ta ta baya, suka zauna a gindin darbejiya har yarinyar ta buɗe baki. Ta gaya mata ta gaji, kuma tana ganin ko ba ta nan babu wanda zai lura. Sai mai kitso ta dube ni ta ce, "Ta ce tun da aka binne kakarta ba wanda ya kira sunanta a gidan nan. Tana zaton ba kya son ta."

Yarinyar da na yi naƙudarta kwana biyu, wadda duk cikin 'ya'yana ba wanda nake ji kamarta, ita ce take zaton na tsane ta. Kuma ba ta yi ƙarya ba, domin ban taɓa ba ta wata shaida ba sai kwanon tuwo. Ni na san alkunya so ne da ake rufewa, amma ban taɓa tunanin cewa wadda ke buɗe mata shi ta mutu ba.

Washegari ni da mahaifinta muka kai ta wurin ma'aikaciyar lafiyar. Ta daɗe da ita a ɗaki, sannan ta ba mu takarda zuwa babban asibiti, inda likita ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana warkewa. Muka yi watanni muna komawa. Ya ce kada a bar ta ita kaɗai, kuma maganin da zai bayar ba zai isa ba in gida bai sauya ba. Ranar Alhamis da kaina na auna gyaɗa a kwano na raka ta har ƙofar mai kitso. Sirrin gidan da nake tsoro kuwa, har yau ban ji kalma ɗaya ta fito daga wannan zaman ba. Ashe akwai wasu 'yan mata biyu a unguwar masu irin halin da take ciki, su an gano su tun abin bai yi nisa ba, saboda iyayensu ba su yi taurin kaina ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne sunan. Kwana huɗu ina gwadawa, in na buɗe baki sai harshena ya yi nauyi, in ɓige da "ke". Rana ta biyar da hantsi tana shara a tsakar gida, ta ba ni baya, na daure na kira shi. Ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Ba ni ta duba ba, ƙofar ɗakin kakarta ta duba, domin ba ta san yadda sunanta yake a bakina ba. Na sake kira. Ta juyo ta ce, "Na'am, Inna." Na ce ta zo in tsefe mata kai. Ranar mun sha kuka, ƙannenta suna leƙenmu kamar sun ga baƙi.

Yanzu ta samu sauƙi sosai, Alhamdu lillahi, tana babbar sakandare, har surutunta ya fara isata. Ba na zagin alkunya, a cikinta aka raine ni. Amma iyayenmu da suka yi ta sun bar yaro a hannun kaka ko goggo da zai faɗa wa cikinsa, mu kuma muna riƙe da kunyar ko da babu kowa a wannan gurbin. Ina kira ga 'yan'uwana iyaye, in budurwa ko saurayi ya daina ci, ya daina shiga mutane, ya daina kula da jikinsa, kada ku ce lalaci ne, ku zauna ku tambaye shi. In an kawo irin wannan zama a unguwarku ku tura 'ya'yanku, in babu ku nemi a kafa. Matan unguwarmu sun cire ni daga sahun masu alkunya, wasu har suna ƙus-ƙus in sun ji ina ƙwala mata kira daga bakin murhu. Su yi ta yi. Ni dai in na kira, akwai mai amsawa.